Makonni Bakwai da Yaya Ta Kalli Fuskata

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Jazira, a ƙasar Sudan, ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata ta wajen uba, wadda nake kira Inna. Uwar da ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannen babana suna kiranta. Gida huɗu ne kawai tsakanin gidan Inna da nata, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ƙwayar idonta da kyau ba. Kunyar ɗan fari ke nan. Kakanninmu sun taso da ita tun daga Sakkwato, sun yar da kaya da yawa a hanya, wannan kam sun iso da ita lafiya lau.

Kada a ɗauka ba ta kula da ni. Duk ranar da aka yi nama a gidanta, sai ƙanwata ta shigo da kwano a rufe ta ce, "An ce a kawo ma waccan." Waccan ɗin ni ce. Ina tsaye a tsakar gidanta za ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce ma waccan ta kau da takalminta daga hanya." Ni kuma bakina ba ya ajiye magana, sai in ce, "Waccan tana da kunne." Ƙanwata ta tuntsure da dariya, Yaya ta shige madafa. Matan gari suna yaba mata, suna cewa irin kunyarta ta ƙare a zamanin nan. Ni dai abin da nake so bai taka kara ya karya ba. So nake ta zauna kusa da ni, ta dube ni, ta san ni ce take duba. Na kai shekara talatin ina wannan kwaɗayi, har da nawa 'ya'yan a baya.

Na yi karatun jinya a birnin Madani, na dawo ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu, ɗaki biyu da rumfa. Wata shekara ana dab da cirar auduga, likitoci suka zo daga birni suna bincike kan shanyewar ɓarin jiki, ciwon da mu muke kira jalɗa. Suna so su gane abin da ke sa jijiyoyin jini na cikin kai su toshe ko su fashe a jikin mutanen ƙauye, waɗanda ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su. Shugabarsu likita ce mace, Balarabiya siririya wadda ba ta ɗaga murya. Ta ɗauke ni aiki saboda na san kowane gida, ina kuma jin harshe biyu, Hausa da Larabci. Aikina shi ne in bi duk wanda ya manyanta, in auna hawan jininsa, in cike takardar tambayoyi. Ita kuma kowace Alhamis za ta zo ta karɓi takardun, ta ba masu hawan jini magani, ta tura wasu birni a ɗauki hoton jijiyoyin wuyansu.

Awon yana da ƙa'ida. Sai mutum ya zauna a gabanka minti biyar bai yi komai ba, ya buɗe damtse, ka ɗaura masa abin awon, sannan ka yi ta masa tambaya yana amsawa. Tsofaffin maza sun ba ni wahala. Wani zai ce, "Ni da nike noman hawasha biyu, mi za ki auna gare ni?" Hawasha ita ce gonar da ake ba mutum a cikin aikin ban ruwa. Sai in tambaye shi, in ƙaramar hanyar ruwan da ke shiga gonarsa ta cika da laka, wane ɓangare ne ke fara bushewa, in kuma ruwa ya fi ƙarfinta, me ke faruwa. Kafin in gama ya naɗe hannun riga. Sun fi ɗaliban ajinmu saurin ganewa.

Sunan Yaya yana cikin jerin da aka ba ni. Ranar da na gan shi, wani daɗi ya rufe ni. Minti biyar a gabana, hannunta a hannuna, ina tambaya tana amsawa, kuma ba wanda zai ce na yi rashin kunya tunda aikin likitoci ne. Na ware takardarta, na rubuta sunanta a hankali, na sa a aljihun jakata na ciki.

Zuwana na farko, tana jin sallamata ta ɗauki buhu ta bi ta ƙofar baya zuwa gona. Zuwa na biyu ta aiko ƙanwata daga cikin ɗaki.

"Ta ce lahiyarta lau, a kai ma masu ciwo."

"Ki ce mata ba roƙo na zo ba, aiki na zo."

"Ta ce aikin ya yi albarka."

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. Ranar Alhamis in kama hannun likitar in kai ta gidan, in tsaya a waje, ita ta auna. Yaya ba za ta ƙi baƙuwa ba, har shayi za ta dafa mata. Na sani sarai. Amma Alhamis ta zo, na miƙa takardun kowa, na bar ta Yaya a jaka. Alhamis ta sake zagayowa, na sake bari. In likitar ta auna ta, minti biyar ɗina sun tafi ke nan, ni kuma na riga na sa rai. Haka na yi ta jan abin har Alhamis huɗu, kuma ba wanda ya tilasta mini.

Wata Litinin ƙanwata ta zo karɓar maganin tari, ta ce mini a cikin hira Yaya tana fama da ciwon ƙeya, kullum kanta a ɗaure tamau da ɗankwali. Ta ce shekaranjiya ma tana tuƙa tuwo muciya ta suɓuce daga hannunta na hagu, bakinta ya ɗan karkace, kafin a kawo ruwa ya koma daidai. Tana faɗa tana dariya. Ni na san abin da wannan ke nufi, domin yana cikin tambayoyin da nake wa mutane kullum. Gargaɗi ne, babban yana tafe.

Maimakon in sa ƙanwata ta shiga mota da ita zuwa asibitin garin Haj Abdalla a ranar, sai na ce a raina yanzu kam dole ta zauna mini. Na ɗauki abin awo na tafi da la'asar, lokacin da maƙwabta mata suka cika rumfarta suna shan gahawa. Na tsaya a kansu na ce, "Yaya, miƙo hannunki." A gaban mutane, kai tsaye, ba ɗan aike. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki, ta turo ƙyaure. Na yi ta faɗa a bakin ƙofa har muryata ta dushe, na ce kunya ba ta maganin hawan jini, na ce abin da bai kamata ɗiya ta ce ba. Da na koma gida Inna ta dube ni ta girgiza kai.

"Duk karatun nan naki, ba ki san ta inda ake shiga ba? Da kin tahi ba kowa, kin zauna bayanta, ba ki dubi huskarta ba, da ta ba ki hannun. Kin je kin tozarta ta gaban mata."

Na ce zan yi hakan ranar Laraba da yamma, in ta huce. Laraba da hantsi Yaya ta faɗi a cikin auduga, buhu a ɗaure a ƙugunta.

A Madani likitar ta nuna mini hoton kan Yaya a jikin gilashi mai haske. Ta sa alƙalami a kan wani baƙin wuri a ɓangaren dama, ta ce nan ne jijiyar ta toshe, shi ya sa hagunta ya mutu. Ta nuna wasu ƙananan ɗigo a gefe, ta ce waɗannan tsofaffi ne, sun daɗe suna faruwa. Sannan ta tambaye ni yadda aka yi matar da ke garinmu ba ta cikin takardunta. Na zaro takardar daga jaka, ta yi laushi don daɗewa, ba komai a jikinta sai suna. Na ce uwata ce. Ta daɗe tana kallon takardar, ta ninke ta, ta koma kan hoton. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Aka sa Yaya a ɗaya ɓangaren binciken, na waɗanda ciwon ya riga ya kama, ana bin su ana gwada tunaninsu lokaci zuwa lokaci. Bakinta ya yi nauyi amma tana magana. Abin da ya tafi shi ne sanin mutane. Babana ma sai ya yi magana take gane shi, wani lokaci ko ya yi ba ta ganewa. A gwajin farko likitar ta tambaye ta sunan garinmu, ta faɗa, ta tambaye ta watan da muke ciki, ta kasa. Ta ce, "'Ya'yanki nawa?" Yaya ta ce shida. Mu shida ne, likitar ta sa alamar daidai.

A ranar nan ne na shigo ɗakin da farar rigar aikina, zan gyara mata kwanciya. Ta ɗago kai ta dube ni. Ido cikin ido, ba gaggawa. Ta yi murmushi da rabin bakin da ya rage, ta ce da Larabci, "Sannu ya sista, Allah ya biya ki." Sista muke kiran ma'aikaciyar jinya. Na dafa ƙarfen gado. Ashe idanunta ba baƙi ba ne sosai, suna da ɗan ja-ja kamar na babban ɗana. Na amsa mata da Larabci, na gyara matashin, na fita na zauna a kan dakali.

Da aka sallame mu, likitar ta ja mana kunne. Ta ce kullum duk wanda ya shiga wajenta ya faɗa mata ko shi wane ne, a yi mata magana da harshen gida, a tuna mata abin da ta sani, domin da haka ne ƙwaƙwalwa ke neman sabuwar hanya. Ta ce sanin yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, kuma makonnin farko su ne masu muhimmanci. Kowa ya bi maganarta ban da ni.

Kullum da safe sai in sa farar rigata kafin in shiga gidan Yaya, in yi sallama da Larabci. Ni nake mata wanka. Ni nake shafa mata man riɗi a hannun da ya mutu, ina lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina miƙewa. Ina auna jininta safe da yamma, tana miƙo damtse tun kafin in tambaya. Tana kallona, tana tsokanata, tana cewa sista ta cika faɗa, wane namiji ne ya iya zama da ni. Na tsefe mata kai, na ga furfurar da ban san tana da ita ba. Ban san tana da ban dariya haka ba, ban san tana son waƙa ba, ban san tana tsoron ƙadangare ba. Duk a makonnin nan na sani.

Wata safiya ina murza mata kafaɗa ta ce, "Ya sista, ni ma ina da ɗiya mai irin aikinki." Na ce haka ne? Ta ce, "Babbar. Ku Larabawa ba ku san al'adarmu ba, shi ya sa nake gaya miki." Ta ce ranar da aka ɗauke yarinyar, nono ya yi ta zuba har ya jiƙa mata zane, kuma ba ta isa ta yi kuka ba don kada a ce ba ta da kunya. Ta ce ta yi wata uku tana zagayawa ta bayan dangar surukarta in za ta ɗebo ruwa, ko da yake hanyar ta fi nisa, don ta ji muryar yarinyar. Ta ce, "Mai baki ce tun tana ƙarama. Ta fi su duka kai." Na ci gaba da murzawa. Hawaye na ɗiga a kan rigar, ta ce ko man ne ya shiga mini ido.

Na so ta ƙara, kuma ta ƙara, kusan kullum da ɗan abin da za ta faɗa. Na zama kamar mai satar fura a ɗakin uwarta, ina sha ina waige. Na sani sarai abin da nake yi ya saɓa wa maganar likita. Ƙanwata ce ta tare ni a zaure wata rana, a mako na shida, idonta jawur.

"Ke wace irin mutum ce? Mu muna ta hwama mu maido ta, ke kina ɓoye mata kanki. Kin hana a auna ta, yanzu kuma za ki hana ta warke?"

Na ɗaga hannu zan mare ta, hannun ya tsaya a sama. Na ce ita me ta sani, ita da aka goya har ta shekara uku, ita da ake kiran sunanta sau ashirin a wuni. Ta ce, "To ki zaɓa. Ko uwa mai hankalinta, ko wagga da kike wasa da ita." Ta wuce ta bar ni a tsaye.

Washegari na bar farar rigar a gida. Na sa zanen atamfa, na shiga na durƙusa a gaban gadonta na gaishe ta da Hausa. Na ce, "Yaya, ni ce. Ta gidan Inna." Ta yi dariya har da tafa cinya, ta kira ƙanwata ta zo ta ji sista ta koyi Hausa. Kunya ta hana ni faɗa a lokacin, amma daɗi na ji da ba ta gane ba. Duk da haka na ci gaba. Kullum in durƙusa, in faɗa mata ko ni wace ce, in ba ta labarin Inna da na 'ya'yana. Wani lokaci sai ta yi ta bin fuskata da kallo, goshinta a tattare, kamar mai neman allura a tabarma. Haka muka yi kwana takwas.

Ranar gwaji na biyu likitar ta zo har gida da takardunta. Aka fito da Yaya rumfa, aka jingina ta da matashi. Ni ina zaune a gefenta na dama, hannunta mai lafiya a kan gwiwata, inda ta saba ajiye shi. Likitar ta tambayi sunan gari, ta faɗa. Ta tambayi wata, wannan karon ta faɗa daidai. Ta ba ta kalmomi uku ta riƙe, ta riƙe biyu. Likitar tana ta gyaɗa kai.

"'Ya'yanki nawa?"

Yaya ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta juyo ta dube ni. Na ji yatsunta sun motsa a kan gwiwata. Ta dubi zanena, ta dubi hannuna, ta koma kan fuskata, kuma na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta zare hannunta a hankali, ta laluba gefen mayafinta, ta ja shi ya rufe rabin fuskar da ke wajena. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyar."

Likitar ta ɗaure fuska. Ta sake tambaya a hankali, Yaya ta sake cewa biyar. Ta duba amsar wancan karon, ta ce mini da ƙaramar murya abin ya ba ta mamaki, ko'ina an ci gaba, nan kuma an koma baya. Ta ɗora alƙalami za ta sa alamar kuskure. Na riƙe mata hannu.

Na ce, "Ba kuskure ba ne. A wajenmu uwa ba ta ƙirga ɗan fari, balle yana zaune. Wancan karon ne ba ta cikin hankalinta. Ki sa mata daidai."

Ta dube ni, ta dubi matar da ta juya mana ƙeya, ta ce takardarta ba ta da gurbin wannan. Na ce ta rubuta a gefe. Ta rubuta. Ƙanwata ta fita da gudu tana guɗa, tana gaya wa maƙwabta Yaya ta dawo, mata suka fara shigowa da barka. Ni ma na yi ta amsa barkar, da gaske kuma nake amsawa, domin abin da muke roƙo ke nan.

Ban sake ganin idanunta ba tun daga ranar. Ban sani ba ko tana tuna abin da ta gaya wa sista, ban kuma da wanda zan aika ya tambayo mini. Na ci gaba da zuwa ina murza mata hannu, amma yadda Inna ta koya mini, daga bayanta, ba kowa a ɗakin, ina magana da bango. Yanzu wannan ma babu, tun da yaƙi ya tashe mu, ita tana garin Makwar wajen ƙanena, ni ina nesa da 'ya'yana. Tana takawa da sanda, tana shan maganinta, hankalinta garau. Na gode wa Allah, ina kuma kewar makonnin nan bakwai kewar da ba na iya faɗa wa kowa a gidanmu.

Da matan suka watse a ranar, na tsaya ina naɗe abin awo. Na ji ta ce wa ƙanwata, da nauyin bakin nan nata, "Ki ce ma waccan ta tahi gida hakanan. Ta bar ɗiyanta tun sahe."